Amsa ga mai son yanke mudgad ɗin Hilux saboda manyan tayoyi

Salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, cewa ka sa wa Hilux Vigo ɗinka taya 285/70R17 a madadin 265/65R17 da ta zo da shi, yanzu duk sanda ka karya sitiyari sai ka ji ƙurrr a gaba, kuma mai gyaran bodi ya ce kawai a sa giranda a zabge mudgad ɗin kowa ya huta. Don Allah kar ka bari ya taɓa motar nan tukuna. Ni na bi ta wannan hanyar da tawa, irin taka ce sak, da ita nake shiga ƙauyukan fadamar Haɗeja ɗauko kaya da damina, kuma na yi asarar da ba na so wani ya maimaita.

Fara da lissafin don ka san me kake nema wa wuri. Tayarka ta asali tsayinta wajen milimita 776 ne, sabuwar kuma wajen 831, wato bambancin milimita 55 kenan, amma rabinsa ne ke shiga cikin mudgad, kusan 27 ta kowane ɓangare, sai faɗi da ya ƙaru da milimita 20. Ka ga ba wani abu ne mai yawa ba da za a ce sai an yanke rabin bodi. Matsalar ita ce ba a tsaye take gogawa ba, sai an karya sitiyari har ƙarshe kuma tayar ta nutse sama, shi ya sa wanda ya kalli mota a fake a gareji ya ɗauko giranda yankan makaho yake yi.

Abin da zan ce ka yi kafin komai, ka nemi alli ka goga a gefen tayar da kan haƙoranta, ka samu ɗan tudu ko gefen kwalbati ka hau da tayar gaba guda ɗaya kawai yadda za ta matse sama sosai, ka karya sitiyari dama har ƙarshe, ka karya hagu, sannan ka yi ribas a haka a hankali domin a ribas ne ta fi ci. Ka sauko ka leƙa da tocila. Duk inda ka ga farin alli ko roba ta yi sheƙi to nan ne mai laifin. Ka maimaita da ɗaya gefen domin ba lallai su zo daidai ba, tawa hagu ta fi dama ci.

Zan iya ce maka mafi yawan lokaci ba ƙarfen waje ne ke gogawa ba. Na farko robar tare laka ce da ke bayan tayar, kusoshi kaɗan ne ka kwance ta ka ajiye. Na biyu baƙar robar nan ta ciki da ta lulluɓe ramin taya, ita ba sai an yanke ba ma, a ɗumama ta da na'urar hura zafi ta yi laushi a tura ta ciki da katako a riƙe har ta huce, sai ta zauna a haka. Na uku kusurwar bamba ta ƙasa, roba ce, a manna tef a ja layi a rage kaɗan. Wallahi mutane da yawa daga nan ƙarar take ɗaukewa. Sai kuma ka je wurin mai alaimen da ya san aikinsa ka ce ya ƙara maka kasta, wato ɗaya daga cikin saitin ƙafar gaba, wannan yana ɗan tura tayar gaba ta nisanci bayan ramin, milimita kaɗan ne amma su ake nema.

Idan bayan duk wannan tana ci, to saura wuri biyu masu wuya, duk a bayan tayar gaba suke. Akwai wani leɓen ƙarfe da ya fito inda aka haɗa falle biyu na bodi, sannan akwai kujerar da bodi ke zaune a kanta a jikin shasi. A nan ne ni na ci wuya. Mai bodin da na kai wa ya zabge leɓen nan gaba ɗaya, ashe shi ne ke riƙe da fallayen biyu, ya bar bakin a buɗe ko jan fenti bai shafa ba, ya ce ai ba a gani. Ni ma lokacin ban sani ba na biya na tafi ina murna. Damina ɗaya tak, laka ta cika tsakanin fallayen, kafet ɗin ƙarƙashin ƙafar direba kullum a jiƙe ina ta zargin robar ƙofa, ranar da na ɗaga kafet ɗin na danna wurin da yatsa sai ga tsatsa tana marmashewa kamar ƙanzo. Wannan ma da sauƙi. Wata rana na ɗauko buhunan shinkafa na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, tayar ta nutse ta haɗu da kaifin da ya bari, ta tsage a kafaɗa tsawon ɗan yatsa har ana ganin zaren ciki, sabuwar taya ko wata uku ba ta yi ba, kuma ka san tsagewar gefe mai faci ba ya iya mata komai. A cikin ruwa har gwiwa na canza ta, jak yana nutsewa sai da yaran ƙauyen suka kawo min turmi da ya fashe muka ɗora a kai.

Yadda ya kamata a yi wa leɓen nan shi ne a tsattsaga shi gajere-gajere kamar haƙoran zarto amma kar a wuce ɗigon waldar da ke riƙe da shi, sannan a kwantar da shi da guduma ya lafe, a cike da gam ɗin bodi, a shafa jan fenti na hana tsatsa, a bi da baƙin kwalta na ƙarƙashin mota. Ka shafa hannunka a wurin bayan an gama, in ya karce ka to zai karci taya. Ita kuwa kujerar bodi ba aikin kowane mai walda ba ne, kusurwarta kawai ake ragewa a mayar da ƙarfe mai kauri a toshe a yi walda ta zagaye, ba a barinta a buɗe domin nauyin gidan gaba a kanta yake. A cire kan batir kafin walda. A rufe gilashi da jikin mota da kwali ko jiƙaƙƙen bargo, tartsatsin giranda yana cin gilashi ya bar ɗigo-ɗigo da ba sa fita. Kuma a leƙa bayan robar kafin a yanka, akwai wayoyi a wurin.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ka ɗaga motar inci 2 ka huta. Ɗagawa tana rage gogawa a kan kwalta, gaskiya ne, amma Vigo gabanta ba gada ɗaya ba ce, wato ba ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu ba, kowace da nata hannun, in ka faɗa rami tayar za ta koma daidai inda take zuwa da can, sai robar da ke tare hannun taya ta tsayar da ita. Haka masu sa sifesa, wato faifan ƙarfen da ake sawa a bayan rim don tura taya waje, ko rim mai fitowa waje sosai, kyau kam akwai, sai dai tayar tana zagaye mai faɗi in ka karya, ta ƙara cin bayan ramin, ga laka da tsakuwa da za ta riƙa watsa wa ƙofofi, ga wahalar da boris.

Tunda kai ka riga ka saya ba zan ce ka mayar ba, amma ga masu karantawa da ba su saya ba tukuna, ku duba 265/70R17, tsayinta wajen 803 ne, yawanci aikin roba kawai take nema. Ku lura da Land Cruiser ɗin da ke bin sahara ta wajen Agadas, da yawansu 7.50R16 ne a ƙafarsu, doguwa siririya. Tsayi ne ke ɗaga cikin mota daga ƙasa, faɗi ba ya ƙara ko milimita.

Sannan ka shirya wa abin da zai biyo baya. Mitar gudu za ta riƙa yi maka ƙarya da kusan kashi 7 cikin ɗari, in ta nuna 100 kana wajen 107 ne, motar za ta ɗan yi nauyin tashi musamman da kaya, mai zai ƙaru, birki ma sai ka fara takawa da wuri. Ka gwada safaya ma ka ga ko za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, kar sai ranar buƙata. Ranar sayarwa kuma dillalai suna ganin yanka a mudgad na waje za su ce motar ta taɓa haɗari, ko rantsuwa ka yi sai sun karya kuɗin, shi ya sa nake cewa duk abin da za a yi a tsaya a ciki inda ido ba ya kaiwa.

Ka yi gwajin allin nan gobe in Allah ya kai mu, ka ɗauko hoton ramin ta gefen biyu sitiyari a karye, ka kuma kwance taya ɗaya ka duba bayan rim ɗin akwai lamba da ta fara da ET, ita ce ke nuna yadda rim ya fito waje ko ya shige ciki, ka turo min ita. Da wannan zan iya ce maka ko aikin roba ne kawai ko sai an kai ga ƙarfe.