Filin Tambaya da Amsa: Na haddace kalmomi, amma baki ya ƙi buɗuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Atamfa nake sayarwa a babbar kasuwar Marwa, a ƙasar Kamaru. Ban yi boko ba, da kaina nake haddace kalmomin Faransanci a wani littafi, kuma labaran rediyo ina gane yawancinsu. Amma ranar da na kai mahaifiyata asibiti, likita ya jefo mini tambaya, sai na yi tsuru-tsuru. Shin na iya kalmomin nan, ko kaina nake yaudara? (Mai karatu daga Marwa)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka iya su mana, amma da kunne ka iya su, ba da baki ba. Masu nazarin koyon harshe sun daɗe da raba sanin kalma gida biyu: akwai wadda kake ganewa in ka ji ko ka karanta, akwai kuma wadda za ka iya ɗauko ta da kanka lokacin da kake buƙata. Ta farkon kullum ta fi yawa, ko a Hausarka ta gado. Rediyo ba ya jiran amsarka, likita kuwa yana jira.

Wani malami ɗan ƙasar Niyuzilan, Paul Nation, a littafinsa na 2001 ya kasa sanin kalma kashi uku: siffarta (furuci da rubutu), ma'anarta, da yadda ake amfani da ita. Littafin haddarka ya ba ka rubutu da ma'ana guda ɗaya tak. Na ukun nan shi ne mai wuya: da waɗanne kalmomi take tafiya, a gaban wa ake faɗarta, a gaban wa ba a faɗa. Baƙon da ya san "ci" a wurin tuwo kawai, ranar da aka ce masa an ci amana ko an ci kasuwa, ai ya ɓata. Wannan shi ne zurfi, yawan kalmomi kuwa faɗi ne, kamar yadda masana biyu, Anderson da Freebody, suka bambanta su a 1981.

Faɗi ma yana da ranarsa. A Turanci, Nation ya ƙiyasta sai da kalmomi 8,000 zuwa 9,000, kowace da danginta, ake karanta jarida ba tuntuɓe. Amma ba jarida ce ta tsayar da kai ba. A shekarun 1950, masanin harshe ɗan Faransa, Georges Gougenheim, da abokan aikinsa sun naɗi hirar Faransawa, suka tsamo jerin farko da bai kai kalma 1,500 ba don masu koyo. Ina kyautata zaton ka riga ka wuce haka.

Don haka ka dakata da ƙarin hadda. Fulatancin da kake ciniki da shi, wa ya rubuta maka jerinsa? Zaɓi kalmomin asibiti da na kasuwa, ka sa kowace a jimlar da za ta fito daga bakinka: ina ke ciwo, tun yaushe, sefa nawa ne yadi shida. In ma'aikaciya ta zo sayen zane ta fara da Faransanci, kar ka juya ta zuwa Fulatanci, ko da za ta yi maka dariya.