Tambayoyinku: Ƙari a Moodle da masu taɓa gindin manhaja

Tambaya: Malam, ni ke kula da Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, a wata makaranta. Na gyara shafin sakamako ya dace da tsarinmu, amma da muka sabunta manhajar sai aikin ya ɓace. Ina mafita? — Ma'aikaci daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Ɗan'uwa, ba sai ka faɗa ba na san abin da ka yi: fayilolin asali ka buɗe ka zuba rubutunka a ciki. Sabuntawa kuwa sababbin fayiloli take ɗorawa a madadin tsofaffi, ba ruwanta da wahalarka. Ka yi gini a filin wani, mai fili ya dawo.

Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 2002 da Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar da Moodle, an tsara shi a kan guntaye da ake ƙarawa ba tare da taɓa fayilolin asali ba, su ake kira ƙari (plugin). Aikinka ya zauna a nasa folda cikin grade/report, da suna irin gradereport_sakamako, da fayil ɗin version.php mai faɗin sigarsa da sigar Moodle da yake buƙata. Kalmomin da za su fito a allo ka zuba su a lang/en, foldar kalmomin Turanci, kada ka cusa su cikin PHP, harshen da aka rubuta Moodle da shi. In kana son tebur a rumbun bayanai, ka bayyana shi a fayil ɗin install.xml a folda db.

Abin da ya fi damuna shi ne masu irin wannan gyara kan daina sabuntawa gaba ɗaya don tsoron asarar aikinsu, su bar makin ɗalibai da sunayensu a tsohuwar siga mai ramukan tsaro. Amana ce fa. Sake rubuta aikinka a matsayin ƙari, ka ajiye a Git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane gyara, tun daga layin farko. In ya yi kyau, miƙa shi rumbun ƙari na Moodle da lasisin GPL, mai ba kowa damar amfani da shi da gyara shi. Masu kula da rumbun za su duba, har da bayanin irin bayanan mutane da yake adanawa, kuma gyaran da za su nema zai koya maka abin da babu a aji.

Tambaya: Sai na sayi saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, kafin in fara koyo? — Ɗalibi daga Daura

Amsa: A'a, ƙanena, riƙe kuɗinka. Saka XAMPP, manhajar da ke mai da kwamfuta sabar gwaji, a kwamfutarka, ɗora Moodle a kai, kunna debugging, mai nuna kurakuran aikinka, zuwa matakin DEVELOPER. Kada in ji ka yi gwaji a sabar makaranta ana tsakiyar jarrabawa.

Tambaya: Yaya zan mayar da ƙarina Hausa? — Malama daga Ƙofar Marusa

Amsa: Malama, Turancin kaɗai ake sawa a cikin ƙarin. Bayan an karɓe shi, fassara ta AMOS, tsarin fassara na Moodle, ake yinta a lang.moodle.org. Buɗe asusu yau, ki fara da kalmomin shafin shiga da na jarrabawa, su ɗalibai suka fi gani.