Lulluɓe bangon gareji da kwano daga ciki

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka lulluɓe bangon garejinka da kwano daga ciki, kana tambaya ko zai yi. Zai yi, musamman in walda kake. Tartsatsi ba ya cin kwano, baƙin mai kuma da tsumma ake goge shi, ba kamar filasta da ke shanye shi ba.

Sai dai ka tuna zafin Maradi. A Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Kada ka manna kwanon a jikin bango. Bar fili kamar santimita 5 tsakaninsu, da kafar iska sama da ƙasa. Firam ɗin ya zama na ƙarfe, don katako gara za ta cinye shi a ɓoye. Ka kuma ɗaga kwanon daga daɓe, domin daga nan damshin damina ke fara kawo tsatsa.

Abin da ya fi damuna shi ne lantarki. Waya ɗaya ta ɓare a bayan kwano, bangon gaba ɗaya ya ɗauki wutar lantarki, ga yaran shago suna jingina da shi. Don Allah a sa wayoyi cikin bututun roba, a haɗa kwanon da wayar ƙasa, kuma ƙwararre ya yi aikin. Da sukuru za ka ɗaure shi, ban da walda a jikinsa, don hayaƙin tutiyar da aka shafa masa na sa zazzaɓi.

Ni dai zan tsayar da kwanon daidai tsayin mutum. Ya rage kuɗi, ya rage ƙarar guduma.