Kafin ki sayar da wadrob ɗin, ki fara duba cikinsa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga kin ce wadrob ɗaya mai ƙofa uku kuke amfani da shi ke da maigida, kaya sun yi masa yawa har wasu suna cikin Ghana must go a bayan ƙofa, kina tunanin sayarwa ki sayi babba. Ni dai kar ki yi gaggawa, irin abin da ya same ni ke nan, kuma da na zauna na duba sai na ga ba ƙanƙanta ce matsalar ba, tsarin cikin ne bai dace da kayanmu ba.

Ki buɗe naki ki gani, yawanci ƙofa biyu ƙarfen rataye hanga ne, ɗaya kawai ake yi wa hawa-hawa, alhali mu kayanmu na ninkewa ne. Atamfa, leshi, zannuwa, shaddar maigida daga wajen bugu ma a ninke take dawowa, babbar riga kuwa wa yake rataye ta? Abaya da dogayen riguna ne kawai suke son hanga. Sai ki ga an rataye kaya biyar, ƙasansu fili ne fetal ba komai sai jakunkuna a jibge.

Abin da na yi, na kwaso komai na zube a kan gado na ware na ratayewa da na ninkewa, a nan ma na fitar da kusan buhu guda na kyautar, wasu tun na lefe ban taɓa ɗinka su ba. Sannan na kira kafinta na ce ya bar ƙofa ɗaya ta rataya, sauran biyun ya cire ƙarfen ya yi hawa, ɗaya tawa ɗaya ta maigida don kar a dinga "ina kika sa min kaza" da safe. Tazarar kowane hawa kar ta wuce inci 10 zuwa 12, in ta fi haka za ki tara kaya su yi tsayi, ki zaro na ƙasa duk su rufto. Filawud falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, zurfin wadrob kuma kusan ƙafa 2, in faɗin kowace ƙofa ma ƙafa 2 ne kin ga falle ɗaya zai ba ki hawa takwas. Mu a 'yan katako na Na'ibawa muka sayo da kanmu, kuɗin aiki kawai muka ba shi. Huluna kuwa ɗan siririn hawa aka yi musu daga sama, tun daga nan suka daina lotsewa.

Kuskuren da na yi, na bari aka sa min MDF, wato allon da ake yi da garin katako a matse, a can ƙasa don ya fi sauƙi da kyan gani, wallahi damina ɗaya da ruwan mofin ya kumbura ya fara marmashewa, sai da aka sake. Ki dage a sa filawud mai kauri, kuma ki ɗan janye wadrob ɗin daga bango in bangonku yana danshi, ki jefa kafur a kowane hawa saboda kyankyaso.

Filin da ke tsakanin saman wadrob da silin ma kar ki bar shi, a yi masa akwaku mai murfi, nan barguna da kayan sanyi da akwatuna za su zauna tunda sai shekara-shekara ake taɓa su. Amma fa in an ƙara masa tsayi a ɗaure shi da bango, yara suna mayar da hawan nan tsani. Bayan ƙofofi a sa ƙugiyoyi na mayafi da hijabin sallah. Takalma dai ki fitar da su gaba ɗaya, wari suke sa wa kaya. In gidan haya kuke ki ce wa kafinta ya yi da sukuru ba ƙusa ba, don ranar tashi a kwance shi ba tare da an farfasa ba.