Tambaya da Amsa: In an sauke mutum-mutumi, tarihi aka share ko girma aka janye?

Tambaya daga wani malamin makaranta, Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma tun watan Janairun 2025 da aka farfasa mutum-mutumin tsohon shugaban ƙasa Nana Akufo-Addo a Sekondi, gardama ta ƙi ƙarewa tsakanina da abokan aikina. Wasu suna cewa duk wanda ya taɓa irin waɗannan abubuwa tarihi yake sharewa. Wasu kuma suna cewa bai kamata a tilasta wa talaka wucewa kullum ta ƙarƙashin siffar mutumin da yake ganin ya cuce shi ba. Ɗalibaina sun kawo maganar har cikin aji, suna haɗawa da abin da suke gani a waya daga Ingila da Amurka, ni kuwa na rasa amsar da ni kaina zan gamsu da ita. Ina roƙon a warware mana.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira, ya kuma yi wa ɗalibanka albarka da suka iya tambayar da manya ke kauce mata.

Abin da zan fara roƙonka ka nuna musu shi ne, mutum-mutumin da aka ɗora bisa dakali a tsakiyar shataletale ba littafin tarihi ba ne, girmamawa ce. Wasu mutane ne, a wata shekara, da kuɗi da iko a hannunsu, suka zaɓi mutum ɗaya daga cikin dubbai suka ce kowa ya ɗaga kai ya dube shi. Ka ɗauki na Ingila da yaran suka gani a waya. Edward Colston ya mutu a 1721, amma ba a kafa siffarsa a birnin Bristol ba sai 1895, bayan shekara 174, kuma allon da aka manna a jikinta yabonsa kawai yake yi da nagarta da hikima, babu kalma ɗaya game da bayi. Alhali mutumin nan babba ne a kamfanin Royal African Company, wanda hedkwatarsa a wannan gaɓar teku ita ce gidan bayi na Cape Coast, kuma masana sun ƙiyasta cewa a shekarun da yake cikin kamfanin an yi jigilar 'yan Afirka kimanin 84,000, wajen 19,000 daga cikinsu suka mutu a hanya. To wane tarihi siffar nan ta koyar cikin shekara 125 da ta yi a tsaye? Ɓoye shi ta yi. Sai ranar 7 ga Yunin 2020, da masu zanga-zanga suka ja ta da igiya suka jefa a ruwa, sannan mutane da yawa, har mu da aka kwashi kakanninmu ta wannan gaɓa, muka fara jin sunansa. Saboda haka ban yarda da abokan aikinka na farko ba in suna nufin sauke siffa daidai yake da ƙona littafi.

Sai dai ban bi na biyun har ƙarshen hanya ba, kuma dalilina yana nan Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara. A wurin tunawa da Kwame Nkrumah, a tsohon filin folo inda ya yi shelar 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, akwai wani mutum-mutuminsa da ba shi da kai. Shi ne wanda aka kafa a gaban tsohon ginin majalisa a 1958, aka tumɓuke shi bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966. Kan yana gefe, bisa ɗan dakalinsa daban, domin wani ɗan ƙasa ne ya adana shi, bai iso wurin ba sai 2009. Na daɗe tsaye a gabansa ranar da na fara zuwa. Wuyan a karye yake, ba yankan gwani ba, kana ganin inda ƙarfen ya tsage, fuskar kuwa tana nan lafiya ƙalau tana duban masu wucewa. Wani yaro ɗan firamare da aka kawo su ziyara ya tambayi malamarsu wa ya cire masa kai, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce mutanen ƙasar nan ne. Wannan amsa ta fi duk abin da cikakken mutum-mutumin tagulla da ke gaban kabarin zai iya koya wa yaron. Jama'ar da ta yi guɗa a 1966 ita ce, ko 'ya'yanta, ta taru a 1992 aka buɗe wa mutumin nan hubbare, bayan shekara 26 kacal. Fushin yini ɗaya ba alƙali ba ne mai kyau, kuma da an narkar da ƙarfen nan da mun yi asarar shaidar da ba za a sake ƙerawa ba.

Za a ce to yaya za a bambance wanda ya cancanci zama bisa dakali da wanda bai cancanta ba, tunda babu ɗan Adam marar aibi? Nkrumah kansa ba a rasa abin faɗa a kansa ba. A zamaninsa aka yi dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba a 1958, a ƙarƙashinta jagoran adawa J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965, kuma ku mutanen Kumasi kun fi ni sanin cewa tun 1957 gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Zango, zuwa Najeriya saboda yana ɓangaren adawa. Duk da haka ba zan goyi bayan a sauke shi ba. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne a tambaya: don me aka girmama mutumin, kuma laifin da ake zarginsa da shi yana gefen aikinsa ne ko shi ne ainihin aikin? Nkrumah don 'yancin ƙasa aka girmama shi. Gwamna Guggisberg ɗan mulkin mallaka ne, amma siffarsa tana tsaye a asibitin Korle Bu ba wanda ya tayar da ƙura sosai, domin asibitin da aka buɗe a 1923 a zamaninsa har yau yana karɓar marasa lafiyarmu. Janar Robert Lee kuwa, wanda aka sauke nasa a Richmond ta Amurka a 2021, abin da ya yi suna a kai shi ne jagorantar sojojin jihohin da suka ɓalle don bauta ta ɗore, kuma a kan doki cikin kayan wannan yaƙi aka kafa shi. Ma'aunin bai warware kowace shari'a ba, amma ya raba masu sauƙi da masu wuya.

Mai wuyar ita ce ta Gandhi a Jami'ar Ghana da ke Legon. Shugaban Indiya Pranab Mukherjee ne ya ƙaddamar da siffar a Yunin 2016, bayan 'yan watanni wasu malaman jami'ar suka rubuta takardar koke, suna kafa hujja da kalaman wulakanci da Gandhi ya rubuta game da baƙar fata a shekarun da ya zauna Afirka ta Kudu, suna kuma tambayar dalilin da za a fara da baƙo alhali jaruman Afirka ba su sami gurbi a harabar ba. Masu kare shi suka ce kalaman ƙuruciya ne, kuma Nkrumah kansa ya ɗauki darasi daga salon gwagwarmayarsa ta lumana. Ɓangarorin biyu kowa da gaskiyarsa. Abin da ya burge ni shi ne hanyar da aka bi: an yi rubutu, an yi muhawara a rediyo da jaridu fiye da shekara biyu, sannan a Disambar 2018 aka ɗauke siffar ɗungurungum ba a fasa ta ba. Ko wanda bai so hukuncin ba ya san an saurare shi.

Ta Sekondi kuwa laifi biyu ne a wurina. Bai dace a kafa wa shugaba siffa yana raye kuma yana kan mulki ba, har ya je da kansa ya buɗe ta kamar yadda aka yi a Nuwambar 2024, domin hukunci kan aikin mai mulki na waɗanda za su zo bayansa ne, kuma ta Nkrumah ma tun 1958 'yan adawa suka yi irin wannan ƙorafi. Amma farfasa ta a ɓoye ɓarna ce, kuma wanda ya ji daɗinta don ta faɗa wa ɗan wata jam'iyya ya sani cewa guduma ba ta da katin jam'iyya, gobe tana iya juyowa.

A bambance kuma tsakanin siffar girmamawa da wurin da abu ya faru. Babu mai hankalin da zai ce a rushe gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979. Wanda ya taɓa sauka kurkukun maza na Cape Coast, ya shaƙi warin danshin da bai bar bangon ba har yau, aka kashe fitila na ɗan lokaci ya ji nauyin duhun, sannan aka gaya masa a saman kansa daidai ake da ɗakin ibadar Turawan, ba ya bukatar wani ya yi masa lacca.

Saura maganar da ta fi yi mini nauyi, Malam, kuma ita nake so ka fi tsayawa a kanta da ɗalibanka, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna alfahari da fataucin kakanninmu zuwa Gwanja, amma kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba, ana sayar da mutane, kuma rijiyoyin da ake yi wa bayi wanka suna nan. Babatu Bazabarme, wanda kabarinsa ke Yendi, jarumi ne a bakin wasu, amma Builsa a Sandema kowace shekara suna bikin Feok don tuna yadda kakanninsu suka tare maharansa. Sojojin da Turawa ke kira Hausawa suna cikin rundunar da ta yaƙi Asante a 1874, suna kuma cikin masu tsaron sansanin Kumasi lokacin da Yaa Asantewaa, jagorar mayaƙan Asante, ta yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900. Sansanin nan yana tsakiyar garinku, yanzu gidan tarihin sojoji ne. Ka kai yaran, ka tsayar da su a farfajiyar, ka tambaye su: da wani zai nemi a kafa alamar girmama waɗancan sojoji a nan, me maƙwabcinsu Ba'asante zai ji, kuma wace magana za su yarda a rubuta a allon?

Tambaya daga wata ɗaliba, Nima, Accra:

Baba, barka da aiki. Ni abin da ban gane ba shi ne, mu Musulmi ina ruwanmu da wannan gardama? An koya mana sassaƙa siffar mutum haramun ne. Ashe ba gara a sauke su duka kowa ya huta ba?

Amsa:

'Yata, abin da aka koya miki shi ne abin da mafi yawan malamanmu suke a kai, kuma suna da hujja mai ƙarfi. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa sunayen gumakan da aka ambata a Suratu Nuhu asalinsu mutanen kirki ne, aka kafa musu alamu don tunawa, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka koma bauta musu. Shi ya sa ba za ki ga mun nemi a sassaƙa wani shehinmu ba, sai dai mu sa sunansa a masallaci ko makaranta ko mu raɗa wa jariri.

Amma wannan ƙasa tarayya muke yi a cikinta da Kiristoci da masu addinin gargajiya, ƙarƙashin tsarin mulkin 1992 da ya ba kowa 'yancin addininsa, kuma gumakan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kawar daga Ka'aba bauta musu ake yi, ya kuma kawar da su ne bayan iko da garin ya dawo hannunsa. Ba aikin matashin Nima ba ne ya ɗauki guduma ya nufi shataletale. Ki tuna kuma a Suratu Yunus an faɗi cewa an tsirar da gawar Fir'auna don ta zama aya ga na baya, wato akwai adanawar da ba girmamawa ba ce. Haka mutanen Bristol suka yi: sun tsamo siffar Colston daga ruwa, sun kwantar da ita a gidan tarihi da fentin masu zanga-zanga a jikinta.

Ruwanmu kuwa yana ciki, domin gardamar ba ta tsaya kan ƙarfe da dutse ba, ta kai ga sunaye, kuma sunaye hanyarmu ce ta girmamawa. A 1969 aka sa wa filin jirgin saman Accra sunan Janar Kotoka, ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin 1966, aka kuma kwashe shekaru ana jayayya a kan dacewar hakan. Duk lokacin da ake yanke shawarar sunan titi ko makaranta a unguwarku, in ba ku je zaman ba wasu za su zaɓa muku. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya karantar a Salaga ya rasu a 1934, ya rubuta zuwan Turawa ƙasar nan da Larabci da ajami da idon wanda ya gani, kuma akwai rubuce-rubucensa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, mota ɗaya daga Nima. Ki nemi izinin iyayenki, ki ɗauki ƙawayenki biyu ko uku, ku je ku nemi a nuna muku su, sannan ki rubuto mini abin da kuka karanta.