Amsa kan yin bishara a Sakkwato

Ɗan'uwa, ka tambaya ta ina cocinku zai fara bishara a unguwa. Ku fara da gaida mai unguwa: fasto da dattawa biyu su je, su faɗa masa nufinku.

Ziyara kuwa a tafi bibbiyu, bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Gidan da ake kulle, 'yan zumuntar mata kaɗai za su shiga. Namiji ya yi sallama ya tsaya a zaure. Lasifika a kashe ta lokacin kiran salla, don nan rigima takan fara.

In za ku raba ruwa a zafin Afrilu, ku ba kowa ba sharaɗi. Da zarar an ji taimako na da farashi, yarda ta tafi. Littafi Mai Tsarki na Hausa sai ga wanda ya nema, yara kuma sai da izinin iyayensu.