Daga Bauchi zuwa Gembu a Kan Babur na Hannu: Zai Kai Ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin makaranta ne a Bauchi. Kwanakin baya na sayi babur ƙirar Bajaj Boxer, mai ƙaramin inji, a hannun wani ɗan acaɓa da ya koma tuƙa keke Napep. Mitar ta mutu tun kafin in saya, don haka ban san yawan tafiyar da ya yi ba, mai shi dai ya ce shekararsa huɗu. A cikin gari bai taɓa ba ni matsala ba. Ina da burin in hau shi zuwa Gembu, da ke kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, a hutun ƙarshen shekara, in gaida ƙanina da ke aiki a can, in kuma ga Mambila da idona. Abokaina sun ce injin zai buga tun kafin in kai Numan, uwargida kuma ta ce in bi mota. Shin tsohon babur irin wannan zai iya? Ko in sayar in ƙara kuɗi in sayi sabo?
Daga wani mai karatu, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a yi hutu lafiya.

Zai iya, in ka yi masa abin da ya kamata. Abokanka sun ɗora tsoronsu a inda ba nan matsalar take ba. A shekarun da na yi ina kwance injin babur, ba kasafai nake ganin Boksa ya buga haka kawai a hanya ba. Duk wanda aka turo mini da injin ya buga, in na buɗe sai in tarar baƙin mai ya ƙare, ko an daɗe ba a juye shi ba har ya koma kamar kwalta. Abin da ke ajiye matafiyi a gefen titi ƙanana ne: taya, sarƙa, kebur ɗin kuloci, fulogi, datti a kafireta. Duka kana iya maganinsu tun kana Bauchi, da kuɗin da bai kai kusa da na sabon babur ba.

Kuma ka yi sa'ar iri. Da babban babur na ƙasar waje ka sayo, irin masu tsadar nan, da na ce ka yi tunani sau biyu, don ranar da wani abu ya lalace a Bali ko Serti sai an aiko maka da shi daga Legas. Boksa kuwa, kusan duk garin da ka tsaya a hanyar nan akwai yaron da ya san cikinsa, akwai kuma shagon da ke da kayansa.

To amma babur ɗin acaɓa ne, kada mu yaudari kanmu. Shekara huɗu a hannun ɗan acaɓa ta fi shekara goma a hannun ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo. Maganar mai shi kuma ka ajiye ta gefe, babur ɗin ne zai gaya maka gaskiya. Ka tashe shi da sassafe, injin na sanyi, kafin kowa ya taɓa shi. In ya tashi a kik ɗaya ko biyu, alama ce mai kyau. Sai ka tsaya bayansa ka kalli salansa, wani ya ɗan murɗa totur. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, wato ringin fistin ya gaji ko robar bawul ta saki. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, gyaran kafireta ne ko matatar iska ta toshe, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Sannan ka kasa kunne. Ƙarar "cak-cak" siririya daga saman inji yawanci tafet ne, wato ƙarfen da ke danna bawul, saiti kawai yake so. Amma in ka ji bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa in ka ba shi wuta, to kada ka je ko'ina sai an buɗe.

Gwajin da na fi yarda da shi ba a gareji ake yin sa ba. Ka juye baƙin mai, ka zuba sabo, ka duba inda ya tsaya a sandar awo. Ranar Asabar ka hau ka tafi Gombe, kilomita 150 da 'yan kai, ka kwana ko ka juyo. Da ka dawo ka bar shi ya huce, ka sake dubawa. In man yana nan kusan inda ka bar shi, injin nan zai kai ka Gembu. In ya sauka sosai, ka san akwai aikin ringi a gabanka. Tafiyar za ta kuma nuna maka abin da cikin gari ke ɓoyewa: ko kuloci na zamewa a hawa, ko kan babur ɗin na rawa in ka yi gudu, ko kuma bayanka ne ba zai iya ba, don wannan ma tambaya ce da ba ka yi ba.

In ta kama a yi wa injin garambawul, a yi shi da wuri. Na sha ganin mutum ya kawo babur ranar Alhamis a sa masa sabon ringi da fistin, ya ce Asabar zai kama hanya. Ina hana su, wasu su ji, wasu su ƙi. Sabon ringi yana son a lallaɓa shi na kilomita 500 ko fiye, ba gudu ba lodi, a juye mai, kafin a ɗora masa doguwar tafiya. Ban da haka, duk notin da makanike ya manta bai ɗaure ba, gara ya nuna kansa a Wunti, nan cikin Bauchi, da ya nuna kansa a dajin Gashaka. Ka gama duk gyara mako biyu ko uku kafin ranar tafiya, ka riƙa hawansa kullum.

Akwai abubuwan da ba zan tsaya duba su ba ma, canzawa kawai zan yi. Sarƙa da sifoket na gaba da na baya, a canza su tare, don sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa. A bar mata sassauci na kamar santimita 2 zuwa 3, kada a ɗaure ta tamau. Lainin birki gaba da baya. Kebur ɗin kuloci da na totur, tsofaffin kuma ka naɗe su ka sa a jaka. Fulogi sabo, da wani a aljihu. A girgiza ƙafafun a ji ko boris ya ci, a ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki. Taya kuwa kada ka tsaya ga zanenta kaɗai. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: in ka ga 2319, mako na 23 ne a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar, ko ta fara tsattsagewa a gefe, ta gama aiki ko da zanenta na nan.

Wajen baƙin mai, ka sayi na babur mai lamba 20W-50 a rufaffiyar roba, a wurin da ka yarda da shi. Na awo da ake zubawa daga jarka a bakin titi ba ka san me ke ciki ba. Ka riƙe lita ɗaya a kaya, ka duba sandar awo kowace safiya kafin ka tayar.

Yanzu ga inda ni nake jin tsoro, kuma ba wanda ya ambata maka shi. Daga Gombe zuwa Kaltungo, Numan, Jalingo, Bali har Serti, tafiya ce ta haƙuri: zafi, ramuka, manyan motoci. Ka riƙe gudun kilomita 60 zuwa 70 a awa, kada ka murɗe totur har ƙarshe na dogon lokaci, don injin nan iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Duk bayan awa ɗaya da rabi ka tsaya a inuwa ku huta kai da shi. Kada ka bari wani mai tausayi ya watsa wa injin ruwa yana da zafi, ƙarfe na iya tsagewa. Ainihin jarrabawar tana farawa ne bayan Mayo Selbe, inda hanya ke miƙewa sama tana murɗawa har zuwa Maisamari da Nguroje. Tsaunin Mambila ya kai mita 1,600 sama da teku, wasu wuraren sun fi haka. A can iska ba ta da kauri, inji mai kafireta yana rasa wani kaso na ƙarfinsa. Za ka ji babur ɗin ya yi sanyin jiki, wataƙila fulogi ya yi baƙi. Bai lalace ba. Ka sauko giya ta biyu, ko ta ɗaya in ta kama, ka bar shi ya hau a hankali. Kada ka riƙe kuloci rabi-rabi kana ba shi wuta, nan ne ake ƙona farantin kuloci.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Birkin Boksa na ganga ne, in ka danne shi tun daga sama ba sassautawa, zai yi zafi ya daina kamawa, daidai lokacin da kwana ke gabanka. Ka sauko da giyar da ka hau da ita, injin ya riƙe babur ɗin, birki kuma ka riƙa taɓawa kana saki, gaba da baya tare. Ɗabi'ar nan ta 'yan acaɓa ta kashe inji ko sa firi a gangara don tsimin mai, ka bar ta a Bauchi. In ka ji warin lainin birki, ka tsaya ya huce.

Lokacin da ka zaɓa ya yi, don Disamba rani ne, damina kuwa a Mambila doguwa ce kuma hanya na santsi. Sai dai ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safar hannu, ka kuma jira hazon safiya ya washe kafin ka hau ko ka sauko. Ƙurar hunturu za ta toshe matatar iska, ka wanke ta a Jalingo. Ka cika tanki a gidan mai duk inda ka samu, musamman kafin ka bar Serti. In dole ta sa ka sayi na 'yan bumburutu, ka tace da ƙyalle mai tsabta.

Takardu ma suna ajiye mutum kamar yadda faci ke ajiye shi. Ka tabbata rasit da takardun babur ɗin suna hannunka, lambar inji da ta jiki sun yi daidai da abin da ke rubuce, da takardar cinikin da kuka yi da mai shi, da lasisinka. Hular kwano doka ce tun 2009, kuma ko ba doka ba zan bar ka ka hau dutsen nan kai a buɗe ba. An sha sanya dokar hana babur a cikin garin Jalingo, don haka ka sa ƙaninka ya tambayo maka halin da ake ciki kafin ka iso. Ka tambayi direbobin tasha labarin tsaron hanya kowace safiya, su ne ke da na jiya. Ka raba tafiyar kwana uku, la'asar ta same ka a masauki, ba tafiyar dare ko da fitilarka ta fi ta kowa haske.

A jaka: sifana 10, 12, 14 da 17, sifanar fulogi, filaya, sukudireba, tib na gaba da na baya, kayan faci, ƙaramin famfo, mahaɗin sarƙa, ƙwan fitila da 'yar waya ta ɗauri. Ka zauna wurin mai faci yini ɗaya ka koyi cire ƙafar baya da hannunka, ka ba shi na goro.

Maganar uwargida kuma, Malam, kada ka yi wasa da ita. Ba injin take ji ba, kai take ji. In za ka samu abokin tafiya da nasa babur ɗin, hankalinta zai fi kwanciya, nawa ma haka, don babur biyu in ɗaya ya tsaya ɗayan ne zai je ya ɗauko makanike. Ka fara yin gwajin Gombe, ka rubuto mini inda baƙin man ya tsaya da irin hayaƙin da ka gani, sai in gaya maka ko a buɗe injin ko a bar shi.